Shehu Ahmad Baba na Tumbutu: shekara 14 a hannun Maroko, bai ajiye alƙalami ba

A cikin watan Maris na shekarar 1594 wani ayari ya fita daga birnin Tumbutu ya kama hanyar arewa, sojojin Maroko na gadinsa gaba da baya. Mutanen gari sun saba ganin raƙuma na fita da zinari su komo da gishiri, amma a wannan rana kayan ayarin mutane ne: malaman unguwar Sankore da iyalansu, maza da mata, an ɗaure malaman da sarƙa. Littafin Tarihul Fattash ya ce sun ɗan haura mutum 70, kuma a cikinsu mutum guda ne ya sake taka ƙasar Tumbutu. Sunansa Ahmad Baba, yana da shekara 37 a lokacin.

Shi ne malamin da babbar cibiyar adana littattafan hannu ta Tumbutu ke ɗauke da sunansa a yau. An wawashe gidansa, an kwashe masa littattafai 1,600, ya karye a ƙafa cikin hamada, ya yi shekara 2 a tsare, ya ƙara wasu 11 a garin da aka hana shi fita daga cikinsa. A cikin waɗannan shekaru na jarrabawa ne ya rubuta littattafan da suka fi ɗaukaka sunansa, har malaman ƙasar da ta kama shi suka durƙusa a gabansa suna ɗaukar karatu.

Ɗan gidan alƙalai

An haifi Ahmad Baba ranar 26 ga watan Oktoba na 1556, daidai da watan Zulhajji na shekarar 963 ta Hijira, ya kuma tashi a Tumbutu lokacin mulkin Askiya Dawuda, sa'ad da daular Songhai ke kan ganiyarta. Danginsa su ne gidan Akit, waɗanda asalinsu Sanhaja ne na reshen Masufa. Alƙalancin birnin ya zauna a wannan gida kusan shekara 100. Alƙali Mahmudu ɗan Umar, ɗan'uwan kakansa, ya riƙe muƙamin daga 1498 har ya rasu a 1548, bayansa ƴaƴansa uku suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Muhammadu, da Al-Aƙibu wanda ya sake gina masallacin Sankore, sai Umar wanda mamayar Maroko ta tarar a kan kujera.

Gidan yana da tsohuwar alaƙa da ƙasar Hausa. Kakan Ahmad Baba, Alhaji Ahmadu, ya tafi aikin hajji a 1485, ya sadu da Imam Suyuɗi a Masar, kuma da ya dawo ya zauna Kano na wani lokaci yana koyarwa. Mutum ne mai son kwafar littattafai da hannunsa, ya rasu ya bar kimanin 700.

Karatun Tumbutu na wancan zamani ya yi kama da karatun zaure da aka sani har gobe a Damagaram, Agadas da Katsina. Almajiri yakan zauna gaban malami da littafi guda, ya karanta, malami ya fassara ya warware, har su kai ƙarshe a ba shi ijaza ya wuce zuwa wani littafin. Ahmad Baba ya fara a hannun mahaifinsa da baffansa Abubakar. Amma malamin da ya fi tasiri a kansa shi ne Muhammadu Bagayogo, Bawangare haifaffen Jenne, wanda ya lizimta fiye da shekara 10. A wurinsa ya karanta Muhtasar na Halil sau da dama, da Muwaɗɗa ta Imam Malik, da littattafan nahawu, usulu da hadisi.

Abin da Ahmad Baba ya rubuta daga baya game da wannan malami nasa ya nuna inda ya fara koyon haƙuri. Ya siffanta shi da mutum mai wuni yana karantarwa ba gajiya ba ƙosawa, mai maimaita wa almajiri mai nauyin kai har sai ya gane, ko da sauran ƴan zaure sun gundura. Ya ce yakan ba da aron littattafansa masu tsada ga wanda bai ma sani ba, kuma ba ya bin sawunsu. Saboda haka ne ya ɗauke shi a matsayin mujaddadin ƙarni na 10 na Hijira a wannan yanki.

Wajen 1588, kafin kowa ya ji ɗuriyar sojojin Maroko, Ahmad Baba ya rubuta wani ɗan littafi mai suna Jalbun Ni'ima, inda ya gargaɗi malamai kan kusantar azzaluman masu mulki da cin abin hannunsu. Shekara 5 bayan haka aka gwada shi a kan abin da ya rubuta.

Gishirin Tagaza da yaƙin Tondibi

Musabbabin rikicin gishiri ne da zinari. Ma'adinin gishiri na Tagaza, can tsakiyar Sahara, shi ne wa Songhai abin da Bilma take ga ayarin Abzin: daga nan ake ɗauko gishirin da ake musanyawa da zinarin kudu. Sarkin Maroko Ahmad al-Mansur, wanda ya hau gado a 1578 bayan nasarar da ƙasarsa ta yi kan Fotugal, ya nemi Askiya ya riƙa biyan shi haraji kan wannan gishiri, yana iƙirarin shi ne halifan Musulmi. Askiya Ishaƙa na biyu ya ƙi.

A ƙarshen 1590 al-Mansur ya turo runduna ta kimanin mayaƙa 4,000 ƙarƙashin Judar Basha, haifaffen ƙasar Sifen. Sun ratsa hamada da bindigogi da igwa. A watan Maris na 1591 suka haɗu da rundunar Songhai a Tondibi, arewa da Gawo, sunan da ke nufin baƙin dutse a harshen Zabarmanci. Mayaƙan Askiya sun fi su yawa nesa ba kusa ba, amma da mashi da kibiya da takobi suka zo. Sun koro garken shanu a gaba don su tarwatsa sahun abokan gaba, ƙarar bindiga ta firgita shanun suka juyo kan masu su. A wuni guda daular da Sonni Ali da Askiya Muhammadu suka gina ta karye.

Judar ya shiga Gawo, daga nan ya wuce Tumbutu. Askiya ya yi tayin sulhu da zinari miskali 100,000 da bayi 1,000, Judar ya aika wa ubangidansa da tayin, al-Mansur ya fusata ya tuɓe shi ya turo Mahmud ɗan Zarƙun a madadinsa. Ragowar rundunar Songhai ta gangara kudu ta bin kogin Isa zuwa Dandi, yankin da ya haɗa da Gaya ta Nijar ta yanzu, inda Askiya Nuhu ya ci gaba da yaƙin sari-ka-noƙe na tsawon shekaru.

A Tumbutu sojojin mamaya sun kori mutane daga gidajensu don gina sansani, abin da ya kai ga boren jama'a kafin ƙarshen 1591. Basha Mahmud ya ɗora alhakin kan malamai, musamman gidan Akit, domin su ne talakawa ke saurare.

Tarkon masallacin Sankore

A watan Oktoba na 1593 Basha ya sa aka yi shela cewa kowa ya zo masallacin Sankore ya sabunta mubaya'a ga sarkin Maroko, ƙungiya bayan ƙungiya. Da ranar malamai ta zo, ranar 20 ga wata, sai aka rufe ƙofofin masallaci, aka sallami sauran jama'a, aka riƙe malaman da mabiyansu. A hanyar kai su sansani hargitsi ya tashi, sojoji suka kashe wasu daga cikin kamammun nan take. Aka shiga gidajensu aka kwashe dukiya da littattafai, har da amanar da mutane suka ba su ajiya.

A nan Ahmad Baba ya rasa littattafansa 1,600. Daga baya ya shaida cewa a cikin danginsa shi ne mai mafi ƙarancin littattafai. A zamanin da kowane littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma daga ƙetaren hamada ake kawo ta, mujalladi guda na iya cin watanni kafin a gama shi. Asarar ta aikin kakanni ce da jikoki.

Ga mabiya mazhabar Malikiyya, wannan lamari yana da tarihi. Shi kansa Imam Malik an yi masa bulala a Madina har kafaɗarsa ta goce, saboda fatawarsa cewa rantsuwar da aka tilasta wa mutum ba ta hawa kansa, abin da gwamnan Abbasiyawa ya fahimta a matsayin warware mubaya'ar dole. Malaman Sankore sun san wannan labari tun suna almajirai.

An tsare su kimanin wata 5 a Tumbutu, sannan aka ɗora su kan raƙuma zuwa Marakesh, har da Alƙali Umar da tsufansa. A kan hanya Ahmad Baba ya faɗo daga kan raƙumi da sarƙa a jikinsa, ƙafarsa ta karye. Haka aka ci gaba da tafiya da shi. Bayan kimanin wata 2 cikin hamada suka isa Marakesh a farkon watan azumi, cikin Mayu na 1594, aka wuce da su wurin tsaro. Alƙali Umar bai daɗe ba ya rasu a can. A cikin wannan shekara kuma Muhammadu Bagayogo, wanda kamun bai shafa ba, ya rasu a Tumbutu, almajirinsa na tsare a wata ƙasa bai samu halartar jana'izarsa ba.

Gaban sarki

Sai a watan azumi na 1596 aka sake su, bisa sharaɗin ba za su bar Marakesh ba. Marubucin tarihin Maroko al-Ifrani, a cikin littafinsa Nuzhatul Hadi, ya kawo labarin ganawar Ahmad Baba da al-Mansur bayan sakin.

Da aka shigar da shi fada ya tarar sarki na magana da mutane daga bayan labule. Ahmad Baba ya tunatar da shi cewa Alƙur'ani ya ambaci magana daga bayan shamaki a matsayin yadda Allah ke magana da ɗan Adam, don haka bai dace wani bawa ya kamanta kansa da Ubangiji ba; in yana da magana da shi, ya sauko ya ɗage labule. Sarki ya sauko, aka ɗage.

Sai malamin ya tambaye shi dalilin wawashe masa dukiya da littattafai, da ɗaure shi tun daga Tumbutu har ya karye a hanya. Al-Mansur ya amsa cewa yana son haɗa kan Musulmi ne, su kuma manyan ƙasarsu ne, in sun bi kowa zai bi. Ahmad Baba ya tambaye shi me ya hana shi fara haɗa kan da Turkawan Tilimsan, tunda sun fi kusa da shi. Sarki ya kawo hadisin da ke cewa a ƙyale Turkawa muddin sun ƙyale mutane. Malamin ya mayar masa da wata ruwaya daga Ibn Abbas da ke nuna akasin haka. Al-Ifrani ya ce sarki ya rasa amsa, zaman ya tashi a nan.

Mai wannan magana bai daɗe da fitowa daga tsare ba, iyalansa na hannun wanda yake yi wa magana, ba shi da dangi ko runduna a garin. Malaman Musulunci sun kasa haƙuri gida uku: haƙuri a kan yi wa Allah ɗa'a, haƙurin barin saɓo, da haƙuri a kan abin da aka ƙaddara na masifa. Babu ɗaya daga cikin ukun da ya wajabta wa wanda aka zalunta ya ce zalunci adalci ne. Ahmad Baba ya karɓi ƙaddararsa, bai ɗauki makami ba, bai nemi ramuwa ba, kuma ya gaya wa sarki laifinsa ido da ido.

Fursunan da ya zama malamin gari

Bayan sakin nasa, malaman Marakesh suka matsa masa ya buɗe karatu. Ya zauna a masallacin Shurafa yana karantar da Muhtasar, Muwaɗɗa, Bukhari da Muslim, Hikam na Ibn Aɗa'illah, da Ashafa ta Alƙali Iyad, littafin nan da ake karantawa cikin azumi a masallatai da fadodin ƙasar Hausa. Shi ma Alƙali Iyad daga garinsu Sabta masu mulkin zamaninsa suka ɗauko shi, ya rasu a Marakesh a 1149, kabarinsa na cikin garin. Baƙon da aka kawo da sarƙa yana karantar da littafin wani baƙon da ya riga shi shan irin wannan ɗaci da shekara 450.

Zauren nasa ya cika. Cikin waɗanda suka ɗauki karatu ko ijaza a wurinsa akwai alƙalin Fas, Ibn Abi Nu'aim al-Gassani, da muftin Marakesh, ar-Ragragi, da masanin tarihi Ibn al-Ƙadi, da al-Maƙƙari wanda daga baya ya rubuta Nafhuɗ Ɗib kan tarihin Andalus. Tambayoyin fatawa suka riƙa zuwa masa daga sassan Magrib.

A ƙarshen 1596, watanni kaɗan da fitowarsa, ya kammala Nailul Ibtihaj, kundin tarihin malaman Malikiyya kimanin 800, wanda ya yi a matsayin cikon littafin Dibaj na Ibn Farhun. A 1603 ya taƙaita shi ya kuma gyara, ya sa masa suna Kifayatul Muhtaj. Ya yi wannan aiki nesa da ɗakin karatun da ya tara tun ƙuruciya.

Amfanin kundin ga wannan yanki namu ba kaɗan ba ne. A cikinsa ya jera malaman ƙasashen Sudan kafaɗa da kafaɗa da na Fas, Ƙairawan, Alƙahira da Andalus. Yawancin abin da aka sani game da rayuwar Shehu Magili, wanda ya bi ta Takadda a ƙasar Abzin ya je Kano da Katsina da Gawo, daga wannan littafi aka samo shi. Haka labarin Al-Aƙibu al-Anusammani, malamin yankin Agadas, da Makhluf al-Bilbali wanda ya koyar a Kano da Katsina, da Aida Ahmad at-Tazakhti wanda ya yi alƙalancin Katsina. Ba don wannan fursuna ya zauna ya rubuta ba, da sunayen da dama daga cikinsu sun bi iska.

Duk da girman da ya samu, zuciyarsa na gida. Ya yi waƙa ta begen Tumbutu da mutanenta, yana aika gaisuwa ta hannun matafiya masu nufar Gawo. Ƴan'uwan da aka kawo tare da shi kuwa suna ta raguwa, musamman da annoba ta auka wa Maroko a ƙarshen ƙarnin.

Komawa gida

Annobar ce ta kashe al-Mansur a watan Agusta na 1603. Ƴaƴansa suka kama yaƙi da juna kan gadon sarauta, ƙasar ta rabu. Basha Mahmud da ya kama malaman tuni aka kashe shi a fagen daga a 1595. Da Maulaya Zaidan ya samu iko da Marakesh, ya ba Ahmad Baba izinin tafiya.

Al-Ifrani ya kawo abin da ya faru ranar bankwana. Manyan almajiransa sun raka shi bayan gari, ɗaya daga cikinsu ya kama hannunsa ya karanta masa ayar nan ta Suratul Ƙasas da aka saba karanta wa matafiyi don fatan ya komo lafiya. Ahmad Baba ya fizge hannunsa, ya roƙi Allah kada ya sake maido shi wannan ƙasa. Shekarun girmamawa ba su shafe masa yadda aka kawo shi ba, bai kuma ɓoye hakan don gudun ɓacin ran masu rakiya ba.

A hanya ya yada zango a Tamgurut cikin kwarin Dar'a a 1607, inda ya amsa tambaya kan taba, wadda ta fara yaɗuwa a lokacin, ya ba da fatawar halaccinta, ra'ayin da wasu malamai suka saɓa masa. Ya shiga Tumbutu a farkon shekarar 1608, kimanin shekara 14 da fitarsa, yana da shekara 51.

Garin da ya tarar ba wanda ya bari ba ne. Mulki na hannun bashoshi da sojojinsu, waɗanda zuriyarsu ta zama Arma. Dattawan gidan Akit sun ƙare, malaminsa na kabari. Ya sake shimfiɗa buzunsa ya ci gaba da karantarwa da ba da fatawa har kusan shekara 20.

Fatawar da ta ambaci Kano, Katsina da Gobir

A 1615 ya amsa wasu tambayoyi da suka zo masa daga Tuwat, zangon ayari da ke kudancin Aljeriya ta yanzu, inda ake bi da bayin da aka kamo daga kudu. Masu tambayar na son sanin hukuncin mallakar waɗannan mutane. Amsar ita ce littafin Mi'irajus Su'ud.

A ciki ya bayyana cewa launin fata ba shi ne dalilin bauta a shari'a ba, kuma babu bambanci tsakanin baƙi da fari a wannan hukunci. Ya yi watsi da labarin da ake yaɗawa cewa baƙar fata sun gaji la'anar da Annabi Nuhu ya yi wa ɗansa Hamu. Ya lissafa ƙasashen da mutanensu suka musulunta da kansu tun da daɗewa ba tare da an ci su da yaƙi ba, cikinsu har da Barno, Kano, Katsina, Gobir, Songhai da Mali, ya ce haramun ne a mallaki ɗayansu. Ya koka da yadda sarakunan waɗannan ƙasashe ke kai wa juna hari su kama ƴaƴan Musulmi su sayar, ya ambaci abin da ke gudana tsakanin Kano da Katsina. Ya kuma goyi bayan hukuncin Alƙali Mahmudu cewa duk wanda ya ce shi ɗa ne daga ƙasar Musulmi, maganarsa za a karɓa har sai mai iƙirarin mallakarsa ya kawo hujja.

Fatawar ba ta soke bauta ɗungurum ba. Ta bar ƙofa a buɗe kan al'ummun da ya lissafa a matsayin waɗanda ba Musulmi ba, kamar yadda fiƙihun zamaninsa ya tafi a kai, kuma masana na yau suna tattauna wannan gefe nata. Amma a kasuwar da baƙar fata kaɗai ta isa a sa wa mutum kuɗi, ta zama hujjar da kamamme zai riƙe a gaban alƙali. Wanda ya rubuta ta ya san nauyin sarƙa a jikinsa. Bayan shekara kusan 200, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya kafa hujja da wannan rubutu a cikin Bayan Wujubil Hijra, lokacin da yake bayanin matsayin ƙasashen Hausa.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Ahmad Baba ya rasu a Tumbutu ranar 22 ga watan Afrilu na 1627, cikin watan Sha'aban na 1036, yana da shekara 70. Ya bar littattafai fiye da 40 a fiƙihu, nahawu, tarihi da tauhidi, kusan rabinsu ko fiye a ƙasar da aka tsare shi ya rubuta su. Abdurrahman as-Sa'adi, marubucin Tarihus Sudan, wanda ya tashi a Tumbutu a zamaninsa, ya ɗebo tarihin malaman garin da yawa daga rubutunsa.

Hausawa na cewa mahaƙurci mawadaci. A rayuwar wannan malami wadatar ba ta zo ta hanyar maido da abin da aka ƙwace ba: littattafansa 1,600 ba su dawo ba, danginsa na kwance a maƙabartun Marakesh, Songhai kuma ba ta sake tashi ba. Abin da ya rage a hannunsa shi ne karatun da ke kansa da lokacin da Allah ya ara masa, su ya yi aiki da su ko a tsare ko a sake. Fadar Badi da al-Mansur ya ƙawata da zinarin Sudan kuwa, wani sarkin Maroko, Maulaya Isma'il, ya kwashe kayan adonta daga baya. Kangonta ne masu yawon buɗe ido ke ziyarta a yau.

A 1967 wani taron masana da UNESCO ta kira a Tumbutu ya ba da shawarar kafa cibiyar tattara littattafan hannu na yankin, aka buɗe ta a farkon shekarun 1970 da sunan Ahmad Baba. Daraktanta na farko, Mahmoud Zouber, shi ne ya wallafa cikakken nazari kan rayuwar malamin da Faransanci a 1977. A 2009 aka ƙaddamar da sabon gininta kusa da masallacin Sankore da taimakon Afirka ta Kudu, ƴan taku kaɗan daga inda aka kama shi.

A watan Janairu na 2013, ƴan bindigar da suka riƙe Tumbutu wata 10 sun cinna wa littattafai kimanin 4,000 wuta a wannan gini kafin su tsere. Mafi yawan kundayen sun tsira, domin tun kafin ranar ma'aikatan cibiyar da iyalan gidajen malamai sun yi ta fitar da su a ɓoye, cikin buhuna da akwatunan ƙarfe, wasu a mota wasu a jirgin ruwa ta kogin Isa, har suka kai su Bamako.